Na Sa Gyartai Ya Ɗinke Jirgin Baba

Ranar da Yaya ya aiko cewa za shi faskara jirgin Baba, ina tsakar gida ina matsar ƙuli-ƙuli, hannuna duk mai. Matarsa ce ta kawo saƙon, ko zama ba ta yi ba. Ta ce yana son gina shago a gurbin da jirgin yake kife, jikin katangar gidan Baba, kuma ya riga ya yi magana da mai gatari. Na ce ta koma ta gaya masa ina tafe. Ta tsaya tana dubana, don ta san halina. Ni ba mai fita ba ce. In ba suna ko gaisuwar mutuwa ba, ba a ganin ƙafata a waje, kuma ba wanda ya hana ni, haka Allah ya yi ni. Ina son tsakar gidana da murhuna, ina son mutane su iske ni mu yi ta zuba har rana ta karkata. Kasuwar Sabon Birni da kowa ke zuwa, ni a bakin maƙwabta nake jin ta, amma in na ba ka labarinta sai ka ɗauka rumfa gare ni a can.

Baba mai fito ne. Garinmu yana bakin gulbi tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma gonakin mutane da yawa suna ƙetare. Da rani gulbin yashi ne, jaki ma tsallake shi yake. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, sai a jirgin Baba. Ba jirgin katako ba ne irin na yanzu. Kututturen maɗaci biyu aka fafe, aka haɗa su baki da baki a tsakiya. Ya yi baƙi don tsufa, gefensa ya yi santsi inda mutane ke riƙewa. Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai yake bari in zauna a goshin jirgin ina ɗebe ruwa da ƙoƙo. Daga baya aka yi gada can gaba, babura suka cika gari, mutane suka gwammace zagaye. Gwiwoyin Baba kuma suka gaza. Aka jawo jirgin gida aka kife. Da ya rasu aka raba gado, kowa ya ɗauki rabonsa, ba wanda ya ambaci jirgi. Ni na ce ina so. Aka yi dariya aka ce in ɗauka. To, ina za ni da shi? Ya zauna nan shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, awaki na hawa bisansa.

Na wanke hannu na yafa lulluɓi. Na iske Yaya a ƙofar gida zaune bisa babur ɗinsa, ya dawo daga Burkusuma ke nan da kaya ɗaure a baya. Ɗan kasuwa ne, kullum yana hanya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce jirgin nawa ne.

Ya ce, "Auta, wa yac ce ba naki na ba? Itacen za a kai miki har gida. Ki yi ta tuya."

"Ba itace aka ba ni ba, Yaya. Jirgi aka ba ni."

"Wanga? Tahi ki duba. Rabe yake gida biyu, gara ta ci rabinai. Ke da ko bakin rijiyar gari ba ki zuwa, mi za ki yi da jirgi?"

Na ce masa abin da za ni yi da shi ni ya shafa. Ya ce to, kafin magina su zo in kwashe kayana, in ba haka ba kada in ga laifinsa.

Maigidana manomi ne, mutum mai ƙarancin magana, ni nake yi mana ta mutum biyu. Da na gaya masa, sai ya ce mu mutanen tudu ne, gero da dawa muka sani. Na ce shi ne na tudu, ni a bakin ruwa aka haife ni. Na yi ta magana tun yana cin tuwo har ya wanke hannu. Ya ce, "To, Allah shi kyauta," wanda a bakinsa yarda ke nan.

Amalanken shanu aka samo, aka ɗauko jirgin ɓari-ɓari. Sai ga abin da ba mu tuna ba. Zaurenmu, kamar na kowa, ƙofar waje da ta ciki ba su kallon juna, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Mutum yana shiga ya karkata. Jirgi kuwa bai iya karkata. Aka tura goshinsa ya tokare bango, aka ja baya, aka juya shi kan gefe, duk a banza. Mutane suka taru, kowa da tasa dabara. Ina daga ciki ina jin su. Na kira maigida na ce a sare katangar baya.

Ya leƙo ya ce, "Katangar da na yi wa yaɓe bana?"

"Ƙasa ta. Ni za ni kwaɓa maka wata."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya aika a kawo diga. Tun ranar bayan gidanmu ya koma zana, kuma tun ranar gari ya samu abin magana.

Da aka ajiye shi ƙarƙashin dogon yaro na tsakar gida, aka birkice shi, sai na ga abin da Yaya ke faɗi. Wajen haɗin ya rabu, tsaga ta bi gindinsa, ga rami a gefe ɗaya wanda kan yaro zai shiga. Ban yarda da ido ba. Na ɗauko muciya na bi shi ina ƙwanƙwasawa, yadda nake wa sabuwar tukunya kafin in karɓa hannun mai talla. Itace mai rai yana amsawa, ƙau, ƙau. Wanda gara ta shiga kuwa muryarsa a dushe take. Na bi shi daga goshi har wutsiya, ina shafa gawayi duk inda ya dushe. Da na gama na ja baya na duba. Baƙin gawayin bai kai yadda nake tsoro ba. Mafi yawan jirgin yana amsawa.

Masu gyaran jirgi na ainihi suna can Yawuri, kuma yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan ba wanda zai taso don aikin mace ɗaya. Maigida ya samo kafinta daga Isa, mutumin kirki, shi ke yi wa mutane ƙyaure da gado. Ya zo da kwanon rufi da ƙusoshi, ya ce zai lulluɓe haɗin da tsagar, a bi da kwalta. Na ce bismilla. Ya ɗora ƙusa ta fari ya buga. A bugu na biyu na ji wani ɗan sauti, tsit, siriri, can cikin itacen, nesa da inda ƙusar take. Na ce ya dakata. Ya ce bai ji komi ba, maigida ma bai ji ba. Na ce su duba ƙasan hannunsa. Sabuwar tsaga ce, kamar gashi. Itacen ya bushe har ba ya ɗaukar ƙusa. Kafintan ya ce to shi iyakar saninsa ke nan, kuma bai ɓoye ba, ya ce da shi ne da ya haƙura. Na zuba masa fura ya sha, muka rabu lafiya.

Na yi kwanaki ina zagaya jirgin nan. In na share tsakar gida sai in share cikinsa. Maƙwabta in sun shigo sai su zauna a gefensa kamar benci, ni kuwa in ce su sauka.

Akwai wani tsoho gyartai da ke bin gidaje yana ɗinkin ƙwarya. Da can ba ya samun hutu, amma tun da robobi suka cika gari sai ya wuni yana kira ba a amsa ba. Ni ban bar ƙwarya ba, don fura a roba ba fura ba ce. Babbar ƙwaryata ta tsage, na sa aka shigo da shi, ya zauna a inuwa ya jingina da jirgin. Ina kallonsa yana huda gefen tsagar nan da can da basilla, yana zura zaren kaba, yana ja har bakin tsagar ya haɗu. Sai na ga hannun Baba. Kowace shekara kafin ruwan fari haka yake zama a bakin gulbi da ƙarfe cikin wuta da dunƙulen igiya. Na taɓa tsohon haɗin jirgin, na kankare ƙasar da ta toshe shi da farce. Ga hudoji nan a jere, wannan ɓari da wancan. Ashe tun asali ba ƙusa a jikinsa, ɗinke shi aka yi.

Na ce, "Baba tsoho, in ka gama wagga, ga wata ƙwarya bayanka."

Ya waiga ya dubi jirgin, ya dube ni. "Ɗiyata, ba'a kika yi mini?"

"Wallahi ba ba'a ba ta."

"Ni ƙwarya nika ɗinki, da akushi in ya kama. Wanga kau mutane za su shiga cikinai. In ya nutse da su, a ce wa?"

"A ce ni. Kuma ni za ni fara shiga."

Ya ce a'a, ya tattara kayansa ya tafi. Washegari na aika masa da ɗumamen tuwo. Da ya sake biyowa ta unguwarmu na tare shi da wata ƙwaryar, wadda ni na tsaga ta da gangan don in samu ya zauna. Ya gane, ya yi dariya har da tari. Ya ce shekarunsa duka bai taɓa ganin macen da ke fasa kayanta don ta ba gyartai aiki ba. Ya tashi ya zagaya jirgin, yana zura yatsa cikin tsofaffin hudojin. Ya ce wanda ya yi ɗinkin nan ya san hannunsa. Na ce ubana ne. Ya ce to a kawo kaba.

Mun fi wata muna aikin nan. Igiyar roba tana nan a kasuwa, kowa ya ce ita za a saya, ta fi ƙarfi. Na ƙi. Na tuna Baba yana jiƙa tasa kafin ya ɗinka, kuma kaba in ta sha ruwa kumbura take ta cika huda. Ni da maƙwabtana mata muka yi ta tufka da hantsi bayan an gama daka, cinyoyinmu har suka yi ja. Ana tufka ana hira, har da waɗanda suka zo don su ga abin dariya su kai gida. Duk wadda ta shigo sai in miƙa mata kaba, in ce ta yi dariyar da hannu a kan aiki. Tsoho yana sa ƙarfe a murhuna har ya yi ja, ya huda itacen a hankali, hayaƙi mai ɗaci ya tashi ya shiga tuwonmu da tufafinmu. Inda na shafa gawayi ya fafe da gizago har ya kai itace mai kyau. Tsakanin tsaga muna cusa tsumma da auduga da aka jiƙa da man kaɗe, sannan ya ja igiya, ya naɗe ta a guntun sanda, ya taka jirgin da ƙafa ya ja da duk ƙarfinsa. In ya gaji ni nake karɓa.

Ramin gefe ne ya tsayar da mu. Katakon kasuwa miƙaƙƙe ne, jikin jirgi kuwa a lanƙwashe yake. Tsoho ya zauna yana tunani, idonsa na yawo a tsakar gida, har ya sauka kan babban akushin da na zo da shi gidan aure. Ya ce wancan. Na ce kai dai ba ka da tausayi. Na ɗauko na ba shi da hannuna, na juya baya lokacin da yake raba shi. Ɓarin ya zauna a ramin kamar don shi aka sassaƙa.

Yaya ya zo gani ana tsakar aiki. Ya tsaya hannu a baya, ya bi ɗinkin da ido.

"Auta, in an ƙare ki dama muna hura ciki, a kira gari duka."

"Za ni dama, Yaya. Kai za a fara ba ludayi."

Ya ce wa maigidana, "Kai ko haƙuri gare ka." Maigida ya ce ai shi yanzu ɗan kallo ne.

Da ɗinki ya ƙare, tsoho ya ce ƙwarya ba a yarda da ita sai an zuba mata ruwa. Muka ja guga muka yi ta zubawa. Jirgin ya zubar da shi ta ko'ina, ta haɗi, ta hudoji, ta gefen akushin, ta wuraren da ma ba mu san da tsaga ba. Tsakar gidana ta zama taɓo, agwagin maƙwabta suka shigo ta zana. Kafin la'asar labari ya kai wa Yaya, ya aiko matarsa ta ce mai gatari har yanzu yana jira, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya gwada ya kasa. Na ce ta gaishe shi.

Ban yi kuka ba, amma ranar ban yi hira da kowa ba, kuma wanda ya san ni ya san abin da wannan ke nufi. Da gari ya waye na sake jan guga. Na ce wa maigida itacen nan ya yi shekaru bai ga ruwa ba, a bar shi ya sha. Kullum da safe in cika, da rana ya tsiyaye, da la'asar in sake cikawa. Matan da suka taya ni tufka suka riƙa shigowa da tulunansu ba tare da na roƙa ba. Ido bai ganin bambanci, amma ni ina ji. Da fari zuba yake, shaa. Sannan ya koma ɗiga da sauri. Sannan tsakanin ɗigo da ɗigo ya fara nisa, har ina iya tuƙa tuwo in ji ɗaya nan, ɗaya can. Wata safiya na fito na iske ruwan jiya yana nan kwance, sama na ciki, ganyen dogon yaro na yawo bisa.

Tsoho ya zo ya gani, ya sa hannu ya taɓa igiyar, ta yi tauri kamar ƙarfe. Sannan ya gaya mini abin da ban so ji ba. Ya ce in na bar shi a gida, rani ɗaya ya isa ya mayar da shi yadda yake. Dole ya koma gulbi ya zauna can, da rani a turbuɗe shi cikin yashi mai laima. Na san gaskiya ce, haka Baba ke yi.

Nan hankalina ya tashi. A gida idona na kansa. A bakin gulbi fa? Yanzu mutane ba su shiga daji neman itace kamar da, tsoro ya hana, duk guntun itacen da aka gani ba mai shi sai ya shiga murhu. Kuma a bakin mutanen gari har yanzu jirgin gidan su Yaya ne, kowa ya ji cewa ya ba mai gatari. In ya kwana a waje da wannan maganar a kansa, wani zai sare shi ya ce ai an riga an bayar. Dole sai Yaya ya janye ta da bakinsa, a gaban mutane.

Da ruwan fari ya sauko gulbi, aka ɗage zana, aka ɗora jirgin a amalanke. Na yafa lulluɓi na bi bayansa da ƙafa. Mutane suka fito, rabi don jirgin, rabi don ni. Wata tsohuwa ta ce ashe ina da ƙafafu. Na aika a kira Yaya, ya zo a babur ya tsaya bisa gaɓa bai ko kashe shi ba.

Aka tura jirgin. Ya yi tangaɗi, ya zauna. Na tattare zanena na shiga kamar yadda na yi wa tsoho alkawari, na zauna a goshi. Ruwa yana ɗan tsattsafowa ta haɗin, ba mai yawa ba, irin wanda ƙoƙo ke maganinsa. Na ɗaga murya.

"Yaya, kashe mashin, magana gare ni."

Ya kashe.

"Hwaɗi gaban mutane, jirgin ga na wa na?"

"Ke Auta, ba ki jin kunya?"

"Kunya ta sa yat tsage a gidanka. Na wa na?"

Mai gatarin yana cikin taron, na gan shi, ya sunkuyar da kai yana dariya. Yaya ya dubi mutane, ya dubi jirgin, ya daɗe a kan ɓarin akushin nan da ke gefe. Ya shafa gemu.

"Naki na."

"A sare shi?"

"Wanda duk yat taɓa shi, da ni za shi yi. Kin jiya? Shi ke nan? Ina da kaya a hanya."

"Na jiya. Allah shi kiyaye hanya, Yaya."

Bai tafi ba kuma. Ya zauna bisa babur ɗin yana kallo.

Sai batun wanda zai tuƙa. Tsoho ya ce shi aikinsa ya ƙare a gaɓa, ko da wasa ba shi shiga. Maigida ya naɗe wando ya karɓi gora, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya ba. Ya dafa, jirgin ya juya ya kalli gari. Ya sake dafawa, ya juya ya kalli ƙetare, ya zarce ya sake kallon gari. Mutane suna ta ba shi shawara daga tudu, har da Yaya, wanda ya sauko yana nuna masa da hannu inda zai tsaya. Maigida ya ce mini a hankali, "To, ina muka nuhwa?"

Na ce ya bar juyin tukuna, ya koma can wutsiya ya tsaya, ya kafa gorar kusa da jikin jirgin. Ya koma, ya kafa. Muka fara matsawa daga gaɓa kaɗan-kaɗan, a karkace, ni kuwa ina ɗebe ruwa ina gaya masa.